Shin Zafin Nan Zai Kore Mu Daga Gonakinmu?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a ƙasar Gumel, ina kuma noma gonar gado da mahaifinmu ya bar mana. Shekarun nan zafin bazara ya wuce yadda muka saba, har da dare ba a iya barci a ɗaki. Na ji a rediyo ana cewa duniya tana ɗumama, wai nan gaba akwai wuraren da ba za a iya noma ba, ba ma za a iya zama a cikinsu ba. 'Yan'uwana suna so mu sayar da gonar mu raba kuɗin. Shin maganar gaskiya ce, ko tsoratarwa ce kawai? Kuma digiri ɗaya ko biyu da ake ta faɗa, me zai rage mu da shi, mu da muka saba da digiri 40?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa albarka a abin da ya bari. Tambayarka uku ce a dunƙule: ko ɗumamar gaskiya ce, ko ƙarin digiri ɗaya ko biyu ya isa a damu da shi, da kuma ko a sayar da gona. Ta tsakiyar ce ta fi nauyi, domin idan aka fahimce ta sauran biyun za su zo da sauƙi, saboda haka a kanta zan fi daɗewa. Aikina binciken amfanin gona ne, na shafe shekaru ina gwajin iri a filayen gero da dawa da masara da alkama, kuma daga wannan gefen zan amsa maka.

Ɗumamar gaskiya ce, kuma ba hasashe ba ce, abu ne da aka auna. Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon da ke sararin sama tana wajen kashi 280 cikin miliyan. Da aka fara aunata a kai a kai a dutsen Mauna Loa da ke Hawai a 1958 ta kai wajen 315, yau kuwa ta haura 420. Wannan iska, wadda ƙona kwal da fetur da gas da dazuzzuka ke saki, tana barin hasken rana ya shigo amma tana hana wani ɓangare na zafin fita, kamar yadda bargo ba ya ƙirƙirar ɗumi, yana dai riƙe wanda jiki ya fitar. Hukumar yanayi ta duniya ta bayyana 2024 a matsayin shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, inda ta ɗara matsakaicin zafin shekarun 1850 zuwa 1900 da kimanin digiri 1.55. Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta ɗora burin tsayar da ƙarin a ƙasa da digiri 2, in da hali a 1.5. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi ba, amma zafin ba ya tambayar wanda ya hura wutar.

Abin da ƙarin digiri ɗaya yake yi wa shuka

Kuskuren da ake yi, kuma ba laifin mai sauraro ba ne, laifin yadda ake faɗin maganar ne, shi ne a ɗauka cewa digiri ɗaya na matsakaicin duniya daidai yake da bambancin da ke tsakanin ƙarfe goma da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Matsakaicin duniya ya haɗa da teku, wanda ya mamaye kusan kashi 70 cikin 100 na doron ƙasa kuma yake ɗumama a hankali. Tudu ya fi teku saurin ɗumama, busasshiyar ƙasa irin tamu kuma ta fi mai dausayi. Bayan haka, idan matsakaici ya motsa kaɗan, ranakun da suka fi tsanani ne suke ninkuwa: ranar da a da ake ganinta sau ɗaya a shekara goma sai ta riƙa dawowa sau da yawa a cikin shekara goman.

Shuka kuwa ba ta san matsakaici ba, iyaka ta sani. Kowane amfanin gona yana da zafin da yake so, kuma yabanya tana ƙaruwa da ɗumi har zuwa wani mataki, daga nan sai ta faɗi, kuma faɗuwar ta fi hawan sauri nesa ba kusa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2009 kan gonakin Amurka ya nuna cewa masara tana fara asara da zarar an wuce digiri 29, waken suya 30, auduga 32. A 2011 masana suka tattara sakamakon gwaje-gwajen masara fiye da 20,000 da aka yi a Afirka, suka gano cewa duk digiri ɗaya da aka ɗara 30 na tsawon yini guda yana rage amfani da kashi 1 cikin 100 idan ruwa ya wadata, idan kuwa ana fari ragin ya kai 1.7. Ka lura da wannan bambanci, domin zan dawo kansa: zafi da ƙishirwa idan suka haɗu, ɓarnarsu ta fi ta kowannensu shi kaɗai. Shuka tana sanyaya kanta ne da ruwan da take fitarwa ta ƙofofin ganye, kamar yadda mu muke yi da gumi. Idan ƙasa ta bushe sai ta rufe ƙofofin don tattalin ruwa, ganyen ya ƙara zafi, abincin da take sarrafawa kuma ya tsaya.

Saboda haka sabawar da muka yi da digiri 40 ba kariya ba ce, ita ce ma matsalar. Manomin Kanada ko Rasha yana can ƙasa da iyaka, ƙarin ɗumi yana iya tsawaita masa lokacin noma. Mu muna bakin iyakar tun asali. Wanda ruwa ya kai masa gwiwa, ƙarin taku ɗaya ba komai ba ne, amma wanda ya kai masa haɓa ba zai ce haka ba.

Akwai lokuta uku a rayuwar shuka da zafi ya fi yi mata illa, kuma duk na gan su da idona. Na farko lokacin tsiro. A jigawa, da tsakar rana a watan Mayu ko farkon Yuni, fuskar rairayi tana iya wuce digiri 55. Na sha cusa ma'auni a ƙasa in ciro shi da zafin da ba a riƙe ƙarfensa da hannu. Gero yana cikin hatsin da suka fi kowane jure zafi a duniya, amma idan aka yi ruwan shuka ya tsiro sannan sama ta ɗauke kwana goma, jaririn tsiron yakan ƙone daga wuyansa, daidai inda ya taɓa ƙasa. Manomi ya sake shuka, wani lokaci har sau uku, iri ya ƙare, damina kuma ta yi nisa. Cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta daɗe tana aiki kan wannan matsala ta mutuwar tsiro.

Na biyu, kuma mafi haɗari, lokacin fure, wato sa'ad da gero yake bunni, masara ta fid da kai tana shirin goyo, shinkafa ta buɗe. Garin furen da ke haifar da ƙwaya abu ne mai rauni ƙwarai. A shinkafa, zafin da ya wuce digiri 35 na 'yan sa'o'i kawai a safiyar da furen ya buɗe ya isa ya bar zangarniya babu ƙwaya. A masara garin yakan bushe kafin ya sauka a kan gemun, sai ka ɓare goyo ka tarar da ƙwayoyi jefi-jefi kamar haƙoran tsoho. Abin takaici a nan shi ne gonar tana nan kore shar, mai wucewa zai yi maka barka, sai ranar sussuka gaskiya ta fito. Wannan ne ma dalilin da ya sa tumatir yake tsada duk shekara daga ƙarshen bazara zuwa farkon damina: da zafi ya tsananta furensa zubewa yake yi ba tare da ya ɗaura 'ya'ya ba.

Na uku shi ne dare, kuma shi ne wanda mutane ba su cika lura da shi ba, ko da yake kai ka ambace shi a kan barcinka. Shuka tana tara abinci da rana, da dare kuma tana ƙona wani ɓangare nasa don numfashi. Idan dare ya yi ɗumi sai ta ƙona da yawa, abin da zai tafi ƙwaya ya ragu. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta ba da rahoto a 2004 cewa ƙarin digiri ɗaya a zafin dare ya rage amfanin shinkafar rani da kusan kashi 10 cikin 100 a filayen gwajinta. A wurare da yawa na duniya dare yana ɗumama da sauri fiye da rana.

Alkamar rani ta Kadawa da kwarin Haɗeja misali ce da kowa zai iya gani. Alkama 'yar sanyi ce, muna nomanta ne kawai saboda aron da hunturu yake ba mu na 'yan makonni. Idan aka shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, takan cika ƙwaya kafin zafin Maris. Akwai shekarar da na bi wasu manoma da aka yi wa alkawarin iri da taki a wani shiri na tallafi, kayan ba su iso ba sai da Janairu ta kama. Suka shuka haka nan don ba su da zaɓi. Alkamar ta yi kyau a ido, amma zafi ya riske ta tana cika, ta nuna da wuri, ƙwayar ta fito a tsumure, buhu ba nauyi. Jinkirin ofis ne ya jawo wannan, ba sauyin yanayi ba, amma ya nuna mini abin da zai faru da kowa idan hunturu ya ci gaba da gajarcewa: ƙofar da ake shiga ta ƙara ƙuntata, kuskuren mako biyu ya zama asarar shekara.

Idan aka haɗa duniya baki ɗaya, wani babban nazari na 2017 ya ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya na ɗumama yana rage masara da kashi 7.4 cikin 100, alkama 6, shinkafa 3.2, idan ba a sauya iri ko dabarun noma ba. A yankinmu kuwa, wani nazari na 2019 ya kwatanta amfanin da aka samu a Afirka ta Yamma daga 2000 zuwa 2009 da wanda da za a samu ba don ɗumamar ba, ya ƙiyasta cewa gero ya riga ya yi asarar kashi 10 zuwa 20, dawa kuma 5 zuwa 15. Ma'ana, a cikin dami goma da ka ɗaure, akwai ɗaya ko biyu da zafi ya riga ya ɗauka tun kafin ka kai rumbu, ba ka dai gan su ba don ba su taɓa wanzuwa ba. Za ka ji wasu suna cewa ai iskar kabon abincin shuka ce, ƙaruwarta alheri ne. Akwai gaskiya a ciki ga alkama da shinkafa da wake da gyaɗa, amma gero da dawa da masara tsarin sarrafa abincinsu daban ne, ribar da suke samu kaɗan ce, kuma an nuna cewa alkama da shinkafar da suka tashi cikin yawan kabon sinadarin ƙarfe da zinki da furotin ɗinsu yakan ragu.

Ruwan sama labari ne daban

A nan ya kamata a yi hattara, domin ana yawan cakuɗa zafi da fari kamar abu ɗaya ne. Dattawanku za su tuna farin 1973 da na 1984. A wancan zamani ne Tafkin Chadi, wanda ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye zuwa wajen 2,000. Amma tun daga shekarun 1990 ruwan Sahel ya ɗan farfaɗo, tafkin ma ya dawo da wani ɓangare na ruwansa. Abin da ya sauya shi ne halin ruwan. Iska mai ɗumi tana ɗaukar ƙarin tururi, kimanin kashi 7 cikin 100 a kowane digiri, saboda haka idan hadari ya haɗu yakan sauke kaya mai yawa a lokaci guda. Binciken hotunan tauraron ɗan'adam da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ruwan da zai sauka a mako uku ya ratsa ƙasa sai ya sauka a dare ɗaya, ya kwashe taki da ƙasar sama ya tafi, sannan a zauna ana kallon sama. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, a watan nan kuma tsohon masallacin Damagaram mai ginin ƙasa ya rushe saboda mamakon ruwa, duk a shekarar da aka sha zafin bazarar da ba a saba gani ba.

Game da gaba, na'urorin hasashe sun yi ittifaƙi a kan zafi amma sun rabu a kan ruwa. Da yawansu suna nuna ƙarin ruwa a tsakiya da gabashin Sahel, inda muke, da raguwarsa a yamma wajen Senigal. Duk wanda ya ce maka tabbas hamada za ta cinye Gumel a shekara kaza, ya faɗi abin da ilimin bai kai ba. Sai dai ko da ruwan ya ƙaru, zafi yana ƙara saurin busar da ƙasa, saboda haka ƙarin ruwa a ma'auni ba lallai ya zama ƙarin laima a saiwa ba.

Jikin mutum ma yana da iyaka

Ka san randa. Tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsatsafo, iska ta busar da tsatsafon ta tafi da zafin. Da hunturu ko farkon bazara, lokacin da iska take a bushe, ruwan randa har haƙori yake kamawa. Da damina ta kusa, iska ta cika da laima, sai ka ji ruwan ya yi ɗumi-ɗumi, domin tsatsafon ba ya bushewa. Jikin mutum randa ne, gumi ne tsatsafonsa. Shi ya sa masana suke auna haɗarin zafi da ma'aunin da aka naɗe kansa da jiƙaƙƙen ƙyalle, wanda yake haɗa zafi da laima a lamba guda. A 2010 wasu masana biyu suka lissafa cewa idan wannan jiƙaƙƙen ma'auni ya kai digiri 35 ya daɗe sa'o'i, ko lafiyayyen mutum da ke zaune a inuwa da ruwa a gabansa jikinsa ba zai iya fitar da zafi ba. Gwajin da aka yi da matasa masu lafiya a jami'ar jihar Pensilbeniya, wanda aka wallafa a 2022, ya nuna cewa iyakar ta hakika ta fi haka kusa, wajen digiri 31 a iska mai laima. Garin Jakobabad na Pakistan da Ras al-Khaima a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun riga sun taɓa 35 ɗin na ɗan gajeren lokaci.

Zafinmu na Maris da Afrilu busasshe ne, wannan rahama ce, shi ya sa digiri 43 a Sakkwato ake iya jure shi fiye da 38 a gaɓar teku. Lokacin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, sa'ad da iskar damina ta fara shigowa da laima amma ruwa bai sauka ya karya zafin ba, wato daidai lokacin sharar gona da kai taki. Busasshen zafin ma yana kisa idan ya yi yawa. A ranar 3 ga Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, wani babban asibitin Bamako kuma ya karɓi gawa fiye da 100 a kwana huɗu na farkon watan, yawancinsu tsofaffi, a goman ƙarshe ta azumi. Masanan da suka bincika lamarin sun ce da ba don ɗumamar da ɗan'adam ya jawo ba, zafi mai wannan tsanani ba zai auku ba. Bayan wata biyu, a aikin Hajjin shekarar, zafi ya kai 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar alhazai fiye da 1,300, akasarinsu waɗanda ba su da izinin aikin, saboda haka ba su da tanti mai sanyi ko motar da za ta ɗauke su. Wannan bayani na ƙarshe ya kamata a tsaya a kansa: rana ɗaya ce ta doki kowa, amma wanda ba shi da inuwa ne ya faɗi.

Maganar da ka ji a rediyo mai yiwuwa ta samo asali ne daga wani nazari na 2020, wanda ya nuna cewa wuraren da matsakaicin zafinsu na shekara ya wuce digiri 29 a yau ba su kai kashi 1 cikin 100 na tudun duniya ba, yawancinsu a Sahara, amma idan hayaƙi ya ci gaba da ƙaruwa sosai za su iya kai kashi 19 nan da 2070. Wani nazarin da ya biyo baya a 2023 ya sa Indiya da Nijeriya a sahun gaba wajen yawan mutanen da abin zai shafa. Lissafin mai ƙarfi ne, amma fassarar da ake yi masa takan wuce gona da iri. Yamai tana kan wannan iyaka ta 29 tun yanzu, kuma mutane fiye da miliyan suna zaune a cikinta suna kasuwancinsu. Lambar ba katanga ba ce da za a wayi gari a ga kowa ya mutu a bayanta.

A fahimtata, wuri ba ya zama wanda ba a iya zama a cikinsa a rana ɗaya. Sa'o'i zafin yake ƙwacewa. Da farko manomi ya daina aiki da azahar, sannan ya koma tashi tun ƙarfe goma sha ɗaya, ɗan ƙwadago ya yi rabin aikin da yake yi a da kuma kuɗinsa ya ƙaru. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa nan da 2030 Afirka ta Yamma za ta rasa kusan kashi 5 cikin 100 na sa'o'in aikinta saboda zafi. Dare ya hana barci, ɗalibanka su kasa fahimtar darasi a aji mai rufin kwano, kaji su rage ƙwai ko su mutu a keji, saniya ta rage nono. Masu yankan rake a Nikaraguwa da Salbado sun daɗe suna fama da ciwon ƙoda da ake dangantawa da aiki cikin zafi da ƙarancin ruwa a jiki, binciken da aka yi a Gambiya kuma ya nuna cewa zafin gona yana takura ɗan da ke cikin mace mai juna biyu. Ni ba likita ba ne, a kan waɗannan likita ya fi ni magana, amma a matsayina na mai lura da gona na ga yadda aikin yake raguwa. Idan sa'o'in da aka rasa da damin da aka rasa suka taru har gida ya kasa ciyar da kansa, sai cin rani ya daina zama na rani, samari su tafi ba su dawo ba. Haka ƙauye yake mutuwa, tun ma'aunin zafi bai kai lambar da masana suke tsoro ba.

Ƙasar nan ta taɓa sauya fuska, ba sau ɗaya ba. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a jihar Yobe a 1987 ya kai shekara 8,000, daga zamanin da yankin yake cike da ruwa, kuma a duwatsun Abzin akwai zanen raƙuman dawa a inda yau babu ko ciyawar kirki. Bambancin shi ne wancan sauyi ya ɗauki dubban shekaru kuma mutanen kaɗan ne, suna iya tattara dabbobinsu su bi ruwa ba tare da sun tarar da iyakar ƙasa ko gonar wani ba.

To, a sayar da gonar?

Ban ga gonarku ba, kuma rabon gado yana da hukuncinsa da haƙƙin kowane magaji, wannan malamai ne za su yi muku bayani. Amma idan dalilin sayarwar shi ne tsoron zafi kawai, ban ba da shawarar haka ba. Dalilina na farko shi ne birnin da za a kai kuɗin ya fi ƙauye zafi, musamman da dare, saboda siminti da kwalta da kwano suna riƙe zafin rana su sake shi bayan magariba. Na biyu, zafin da ke rage amfanin gona a duniya yana ƙara wa abinci tsada. Da zafi ya ƙone alkamar Rasha a 2010 gwamnatinta ta hana fitar da ita, Indiya ma ta yi haka a Mayun 2022 bayan zafin Maris ya riski tata, kuma duk lokacin da irin wannan ya faru mai saye a kasuwa ne yake fara ji a jikinsa, ba mai rumbu ba.

Abin da ya fi kowane tasiri a gona irin taku, a ganina, itace ne, kuma ba dashe nake nufi ba. A yankin Maraɗi, tun daga 1983, manoma suka fara barin kututturan da ke tohowa a gonakinsu maimakon sassabe su duk shekara, su zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi su datse sauran. Suna kiransa sassabin zamani. Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya, shi ne ya fara yaɗa dabarar, amma manoman ne suka ɗauke ta daga ƙauye zuwa ƙauye, har aka ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa tohon yake tsira a inda dashen gandun reno yake mutuwa. Gawo ne sarkinsu, domin yana zubar da ganye da damina lokacin da gero ke buƙatar rana, ya yi ganye da rani ya ba da inuwa da abincin dabbobi. Na auna ƙasa a ƙarƙashin gawo da kuma taku ashirin daga gare shi a rana ɗaya, bambancin ya isa ya raba tsiron da zai rayu da wanda zai ƙone. Kalgo da sabara ma, waɗanda ake ɗauka ciyayi ne, suna tare iska da riƙe ƙasa. Maraɗi ba ta fi ku ruwan sama ba, saboda haka babu abin da suka yi da ƙasarku ba za ta karɓa ba.

Sai barin karan hatsi a gona maimakon kwashewa ko ƙonewa, ko da rabi ne, domin yana rufe ƙasa daga rana. Na san kara yana da kuɗi kuma dabbobi suna jiransa, shi ya sa na ce ko rabi. Inda ƙasa ta zama fako, ramukan tassa da na rabin wata da ake yi a ƙasar Tawa suna kama ruwan da ke sauka da ƙarfi su tsare shi tare da taki. Tunda zafi ya fi ɓarna idan ya tarar da ƙishirwa, duk abin da ya tsare laima a saiwa maganin zafi ne. A ɓangaren iri, masu saurin nuna irin geron Sosat da masara da dawar da cibiyar Samaru ta Zariya ta fitar suna taimakawa wajen kauce wa yankewar ruwa, amma kada ka zubar da irin gidanku gaba ɗaya. Ka raba gonar, domin shekarar da damina ta yi tsawo na gida yakan fi. Idan ƙasar jigawa ce, kada ribar masara ta ruɗe ka ka bar gero, masara ta fi gero da dawa rauni a gaban zafi. Hasashen damina da hukumar yanayi ta Nijeriya, NiMet, take fitarwa a farkon kowace shekara ba ya faɗa maka ranar da za a yi ruwa a gonarka, amma yana taimakawa wajen yanke shawarar ko a yi binne ko a jira.

Ɗakin da ya hana ka barci kuwa, ina kyautata zaton rufin kwano ne ba silin. Soron ƙasa da azara da kakanninmu suka gina yana jinkirta shigar zafi har rana ta faɗi, mun bar shi ne saboda wahalar yaɓe da yoyon damina. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 ya kashe mutane da yawa, ya fito da tsarin kare jama'a a 2013, kuma cikin abubuwan da suka biyo baya har da shafa farin fenti a rufin gidajen talakawa. Silin ko da na zana ne, farin shafi a kan kwanon, taga biyu masu fuskantar juna, da darbejiya a yammacin ɗaki, duk suna cikin abin da albashin malami zai iya a hankali.

Waɗannan dabaru suna da iyakarsu. Suna sayen lokaci ne a duniyar da ta ƙaru da digiri 1.5 ko 2. Idan aka kai 3, abin da manufofin ƙasashe na yanzu ba su yi nisa da shi ba, akwai yankunan Sahel da gawo da tassa ba za su ishe su ba, kuma wannan hukunci yana hannun ƙasashen da suka fi ƙona mai da kwal. Kafin ku zauna da 'yan'uwanka, ka zagaya gonar ka ƙirga kututturan da ke tohowa, ka tambayi masu rijiyoyin da ke kusa gaba nawa ruwa yake yanzu da kuma shekara goma da suka wuce, ka kuma rubuta damin da kuka ɗaure a kowace kaka ta shekara biyar ɗin nan. Idan ruwan ƙasa bai gudu ba kuma akwai saiwa mai rai, ku ba ta damina uku da sassabin zamani kafin ku kira dillali.